Neman shawara: ina zanen littafi kan abincin cikin birnin Kano da teburin mai shayi

Zulai_Fensir:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni mai zane ce, a Jos aka haife ni kuma a nan nake zaune, amma kakata ta wajen uwa Bakanuwa ce 'yar cikin badala. Wani kamfanin buga littattafai ya ba ni aikin zana littafi mai hotuna na yara masu tasowa a kan abincin tsohon birnin Kano. Rubutun kaɗan ne, zanen ne zai ɗauki labarin. Edita ya turo mini samfurin irin waɗanda ake yi wa Istanbul da Alƙahira: ga tsohon gidan shan gahawa, ga kujeru da manyan madubai, ga dattijo ya buɗe jarida. Ya ce in nemo masa irin wannan a Kano.

Na tona intanet har idona ya yi ja. Abin da ke fitowa bai wuce marinar Ƙofar Mata ba, sai dawakan hawan sallah, sai tsire a farin faranti an jera masa yankan tumatir. Wannan ba zai fisshe ni ba. Marubuci yana iya cewa "ta zuba tuwo a kwano" ya wuce abinsa. Ni kuwa dole in san wane kwano ne, akushi ne ko samira ko roba, da me aka rufe shi, a kan tabarma yake ko a ƙasa, hannun da ya ɗauko shi da lalle ko babu. In na yi kure, yaron da ya taso a Yakasai kallo ɗaya zai yi ya gane baƙuwa ce ta zana.

To ga buƙatata. Mene ne ke tsayawa a matsayin gidan gahawa a Kano, teburin mai shayi ne ko akwai abin da ya girme shi? A ina zan ga ana yin gurasa da alkaki da idona, ba a bidiyon girki ba? Sannan ina so in raba littafin gida uku: kafin zuwan Turawa, zamanin dalar gyaɗa, da yau. Me zai zama abin dariya in na saka shi a zamanin da ba nasa ba? Kuma tunda mace ce ni, zai yiwu in zauna a bencin mai shayi da takarda da fensir, ko kuwa in nemi wata dabara? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Dattijon_Jakara:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi albarka, ya sa a gama lafiya. Jikana ne ke danna mini wayar, in kin ga tuntuɓen rubutu nasa ne.

Ki gaya wa editan naki cikin ladabi cewa abin da yake nema babu shi a cikin birni, kuma rashinsa ba naƙasa ba ne. Ba mu tashi mun ga an gina ɗaki an jera kujeru don mutum ya biya kuɗi ya yi hira ba. Hira a zaure ake yin ta, ko a dakalin ƙofar gida, ko a shimfiɗa tabarma gindin bishiya bayan la'asar. Kowace majalisa da mutanenta, kowa da gurbinsa. In baƙo ya zauna a gurbin wani ba za a tashe shi ba, amma kowa ya lura. Da daddare kuma a fito wa kowane magidanci da tuwonsa daga cikin gida, a haɗa kwanuka a zaure a ci tare, ita ce ciyayya. In kina son shafin da Bakano zai gani ya ce wannan garinmu ne, ki zana ta: kwanuka daga gidaje daban-daban, kowanne da irin faifan da aka rufe shi, buta a gefe ta wanke hannu, almajiri a bakin ƙofa da ƙoƙonsa yana jiran saura. A nan ake sanin matar wa ta iya miya, ba tare da kowa ya furta ba. Kwanon da aka fara side shi ne amsa.

Teburin mai shayi ƙane ne a wannan harka. A yarintata, cikin shekarun 1960, karin kumallonmu koko ne da ƙosai, ko ɗumamen tuwo, ko waina. Shayi da burodi abin Fagge ne da Sabon Gari da bakin tashar jirgi da tashar mota, na leburori da direbobi da gwauraye marasa mai dafa musu. Mai iyali ya je ya zauna teburin mai shayi da sassafe, sai a fara raɗe-raɗin ko uwargida ta yi yaji. Yanzu kam ko ina akwai shi, har lungunmu, kuma ba mai cewa komai. Don haka ki ba shi babban wuri a kashi na uku, ɗan wuri a na biyu, a na farko kuwa kada ki kuskura.

Maganar gurasa, kin zo gida. Ki nufi Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, akwai ma unguwa sukutum da ake kira Cediyar 'Yan Gurasa. Mata ne ke yin ta a cikin gidaje, maza su zo su sara su kai gari. Tanderu wata ƙatuwar tukunyar ƙasa ce da aka girke aka yaɓe gefenta, bakinta na kallon sama. Za a cusa kara a ciki a cinna wuta, harshen ya tashi ya fi tsayin mutum, sai an bari ya faɗa, jikin tanderun ya ɗau zafi sosai. Sannan mai yi ta jiƙa hannu, ta gutsuro ƙullin, ta faɗaɗa shi a tafinta, ta sunkuya ta manna a jikin tanderun daga ciki. Ki lura da wannan sunkuyon, fuska a kauce gefe saboda hucin wuta, hannu ya shige har kusa da kafaɗa. Shi ne hoton. Gurasar kuma fuska biyu gare ta: wadda ta manne da tanderu ta fi duhu da ƙarfi, ta waje kuma ta kumbura tana da ɗigo-ɗigon ƙuna. Kada ki yi ta da'ira cif, ba injin ne ya buga ta ba. Mu dai mun ji daga iyayenmu cewa Larabawa ne suka zo da ita, waɗanda suka zauna wajen Dandalin Turawa da Alfindiki suna fatauci da Tarabulus.

In ta fito gari sai ta zama bandashe: a tsoma ta a ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli mai yaji, a kwarara man gyaɗa, a watsa albasa. Masu hali su haɗa da tsire ko balangu. Kabeji da kokwamba da ake tulawa yanzu ƙarin zamani ne.

Wani abin da baƙi ba sa kula da shi: abincin titi a Kano da agogo yake tafiya. Asuba zuwa hantsi na mai koko da mai ƙosai da mai waina ne. Hantsi ɗanwake ya fito. Rana ta take, sai fura da nono, Fulani mata sun jera ƙore a inuwa, ludayi a kife a kan faifai. La'asar gurasa da rogo da ƙuli da awara. Magariba kuma mai tsire ya hura wuta. In kin haɗa su duka a shafi guda ƙarƙashin rana ɗaya, kin yi baje koli, ba ki yi Kano ba. Kuma mai tsiren da, ba a kan waya yake gashi ba. Tukuba yake yi, tudun toka da ƙasa, wuta a tsakiya, a kakkafa tsinkayen a kewaye suna ɗan karkata wajen wutar, yana jujjuya su ɗaya bayan ɗaya. Fitilarsa aci-balbal. Ya naɗe miki a takardar buhun siminti. Kilishi kuma ki je Agadasawa da rana tsaka, lokacin da aka shanya naman a kan gadajen kara. Siririn yankan nan in rana ta bi ta cikinsa launinsa sai wanda ya gani.

Hajiya_Yakasai:

Sannu Baba, ka yi bayani, amma duk a ƙofar gida ka tsaya, don iyakarku ke nan. Zulai ƙanwata, kina kukan ke mace ce ba za ki zauna teburin shayi ba, alhali ke ce da riba. Namiji mai zane zai ƙare a zaure yana jin ƙamshi. Ke kuwa sallama ɗaya za ki yi ki tsinci kanki a tsakar gida, kuma kusan duk abin da ake ci a titin birni daga can ya fito. Matar da ba ta fita ita ce ke da sana'ar, yarinyar da ke ɗauke da tire ita ce ƙafarta. Da ribar tallan nan ake tara kayan ɗakin yarinyar. Ko mutum yana son talla ko ba ya so, in kin cire 'yar talla daga kashi na biyu kin yanke igiyar da ta haɗa murhu da titi.

Ki nemi gidan da ake shirin gara, nan za ki ga alkaki da nakiya da dubulan a zama ɗaya. Alkaki ba aikin yini guda ba ne. Alkama ake ɓarzawa, a murje ta da mai, a kwaɓa da tsami a rufe ta kwana. Washegari a sa ɗan ruwan kanwa a kashe tsamin, a murza ta sili-sili a tafin hannu, a naɗe ta a yatsu ta ba da wannan siffar mai kama da igiya a murɗe, a soya a hankali, a tsamo a jefa cikin zuma ko dafaffen sukari. Mata huɗu biyar ne za su kewaye faranti suna naɗi suna hira, kuma ko wacce naɗinta daban, tsohuwar cikinsu tana warware na yara tana faɗa. Nakiya kuwa aikin turmi ce: garin shinkafa da aka soya, da citta da kanumfari da masoro, da zuma da man shanu, a yi ta kirɓi har ta haɗe ta yi sheƙi. Tana shekara ba ta lalace ba, shi ya sa ake ajiye wa amarya har ta haihu.

Kayan aiki kuma ki kiyaye. Muciya ta tuwo ce, doguwa mai kauri. Mara ta ƙwarya ce, da ita ake kwashe tuwo a mulmula. Tanda ta waina mai gurabu, ta ƙasa ce kafin ta ƙarfe ta zo. Madambaci mai huji a gindi na dambu da dashishi. Ruwa a randa yake, moɗa a kan murfin. A ɗakin amaryar zamanin iyayenmu jeren tasoshi ne da langa, daga baya samira ta shigo mai zanen fure, a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Kular roba mai riƙe zafi ta baya-bayan nan ce, kada ta ɓullo a zamanin gyaɗa. Haka hijabi mai ɗinki. Iyayenmu lulluɓi suke yi da zane ko mayafi. Lallensu kuma ja ne na dunƙule, a cusa hannu a zunguru, ba baƙin fulawar da ake zanawa yau ba.

Sai ladabin shiga. Kada ki shigo da waya a ɗage. Ki je da wadda ta san gidan, ki riƙe ɗan goro ko sabulu, ki gaisa ki zauna, in an miƙo miki abu ki ci. Ranar farko ki bar takardar a jaka. Mace na gaban murhu da ɗaurin ƙirji, gumi na zuba, ba za ta so a fitar da ita duniya a haka ba, mijinta ma ba zai so ba. Ki zana hannuwa, ki zana baya, fuskar ki ƙirƙiro taki. Kuma ki nuna musu abin da kika zana kafin ki tafi. Za su yi dariya, su kuma gyara miki abin da ba wanda zai gyara miki a nan.

Zulai_Fensir:

Baba, Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Ciyayya ta riga ta samu shafi biyu a tsakiyar littafin. Abin da ya rage mini ciwon kai shi ne kashin farko. Wanda ya ga Kano kafin zuwan Turawa a 1903 ba ya raye, to daga ina zan samo abin da zan kalla?

Malam_Tarihi:

Malama Zulai, a nan zan iya sa baki. Akwai baƙi biyu da suka bar bayanin kasuwar Kurmi dalla-dalla: Hugh Clapperton da ya zo a 1824, da Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Barth ya ƙiyasta mazauna birnin da dubu 30, ya ce a lokacin ayari suna ninkawa. Ya lissafa kayan da ke zuwa ta hamada, har da sukari daga Marseille da takarda da duwatsun ado da ruwan takubba. Ya kuma ce kuɗin wuri 2,500 ne ke daidai da liyari ɗaya, wato kuɗin azurfa na wancan zamani. Wannan zai yi miki amfani kai tsaye: mai sayar da fura a kashin farko wuri take ƙirgawa a ƙasa, ba kwabo ba. A kashi na biyu kuwa fam ne da sule da sisi da taro da kwabo mai huji. Naira sai 1973.

Amma ki yi hattara da hotunan da ke cikin littafin Barth, musamman wanda ke nuna birnin daga kan Dala. Barth zanen gaggawa ya yi, wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, shi ya mayar da su cikakkun hotuna, kuma bai taɓa taka Kano ba. Tsarin gari da dutse da dabino za ki iya dogara da su. Tufafi da tsayuwar mutane kuwa ki ɗauke su da taka-tsantsan. Hotunan kyamara sun fi aminci ko da sun zo a makare. Wani matuƙin jirgin sama ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki Kano daga sama da kuma ƙasa a tafiyarsa ta 1930 zuwa 1931, kuma hotunan suna nan a intanet kyauta. Soraye da rumfunan kasuwa da kayan kai na lokacin ba su yi nisa da na ƙarshen ƙarni na 19 ba, muddin kin cire kwanon rufi da keke. In kin shigo gari ki ba Gidan Makama yini guda, ki leƙa Gidan Ɗan Hausa, duk gidajen adana kayan tarihi ne. Ƙamusun Bargery na 1934 ma taska ne, akwai sunayen abinci da kayan girki a ciki waɗanda yau sai tsofaffi.

Kaɗan daga abin da zai tona asirin zamani: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, to gwangwani da kwalba da buhunan gyaɗa masu yawa bayan nan ne. Babban masallacin Juma'a mai koren ƙubba ginin farkon shekarun 1950 ne. Motoci sun koma hannun dama a 1972. Indomie ba ta zama abincin teburin shayi ba sai bayan da aka fara yin ta a Najeriya tsakiyar shekarun 1990. A Daidaita Sahu ta fito a 2005, an hana acaɓa a 2013. Kuma kogin Jakara da ke gefen Kurmi a buɗe yake a da, ruwa ne da fadama a tsakiyar gari, ba titin da aka shimfiɗa a kansa yanzu ba.

Abu guda da zan ɗan ja da Baba, tare da girmamawa. Gaskiya ne gurasa da alkaki da alkubus suna da alaƙa da Larabawan fatauci, amma kada Malama ta zana kowa a kasuwar 1850 riƙe da gurasa. Alkama a lambu ake noma ta da rani, da ban ruwa, ba ta da yawa, cimar attajirai ce da gidan sarauta. Talaka dawa ce da gero: tuwo, fura, kunu, miyar kuka da daddawa. Gurasa ta zama ta kowa ne bayan da fulawar kamfani ta wadata. Ga goro kuma, shi ne abin zaman hira na wancan zamani, fatake suna ɗauko shi daga Gwanja a kan jakuna. In edita ya nace sai an ga abin da mutane ke taruwa a kansa kafin shayi, a zana masa ana fasa goro a zaure ana miƙawa.

Dattijon_Jakara:

Malam ya yi gaskiya, ban ƙi ba. Ko a zamaninmu ba kullum yaro ke ganin gurasa ba, sai an yi baƙo ko an samu canji. Amma a bar mana ita a kashin farko ko da a hannun mutum ɗaya ne, mai rawani da alkyabba.

Sani_MaiShayi:

Salamu alaikum. Ana ta maganar teburinmu ba a tambaye mu ba, to ga mai abin ya zo. Ni a wajen Fagge nake, na gaji teburin daga yayana.

Anti Zulai, kafin ki zana mutanen ki zana jerin. Kowane mai shayi da yadda yake gina gwangwanayensa, madara Peak a ƙasa, Milo da Bournvita a sama, a yi su dala. Rabinsu ma babu komai a ciki, ado ne, yanzu 'yar leda aka fi saye. Burodi a gefe ɗaya an jinginar da shi, kiret ɗin ƙwai a ɗaya gefen, katan na Indomie a ƙarƙashin tebur. Benci uku ne, gaba da gefe da gefe, ni ina tsaye a na huɗun, tukunyar ruwan zafi a bayana. Da itace ko gawayi muke yi, yanzu yawancinmu mun koma ƙaramar tukunyar gas don suya. A cikin ruwan akwai citta da kanumfari da na'a-na'a, wani ya ƙara kimba. Sai rediyo a rataye. BBC Hausa tun 1957 take, kuma har gobe in aka buga take da safe hayaniyar benci takan lafa. Ga littafin bashi a ƙarƙashin faranti, ga kwali an rubuta lambar asusu don masu tura kuɗi ta waya. In babu waɗannan biyun ba teburin yau ba ne.

Abin da kowa ke so ya ɗauka shi ne sheƙa shayi, daga kofi zuwa kofi, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa. Mu ba don burgewa muke yi ba, don ya huce ne ya haɗe ya yi kumfa. Ki lura ido ba ya kan kofin, yana kan mai magana ko kan kaskon ƙwai. Masu zane suna sa mu muna zare ido a kan ruwan, sai ka ce ɗan koyo. Kuma ba kowa ke shan iri ɗaya ba. Mai kuɗi ya ce a yi masa haɗin kauri, madara har cokali ya tsaya. Wanda aljihu ya yi sanyi ya ce ruwan bunu, ba madara, ya tsoma burodi ya tashi. Kofin farko fari-fari ne, na biyun ja mai duhu, a benci ɗaya kafaɗa da kafaɗa.

Zaman benci kuwa gaskiya ba a saba ba, za a takura ke ma ki takura, hirar ma za ta canza. Ki zo da ɗan'uwanki namiji ya zauna ya saya, ke kuma a sa miki kujera a bakin shagon da ke kusa, daga nan ma kin fi ganin teburin gaba ɗaya. Ki fara gaya wa mai teburin abin da ya kawo ki. Mutanen gari ba sa son a ɗauke su hoto ba zato, amma zane da fensir kowa zai taso ya leƙa, har a fara gardamar wa aka fi kamantawa.

Ɗan_Damagaram:

Gaisuwa daga Zinder. Ƙanwata, shayi biyu ne fa, kada ki gauraya su. Na Malam Sani na saye ne, babban kofi, madara da burodi. Akwai kuma namu na fada, wato majalisar hira, wanda ba a sayarwa. Koren ganye ne na ƙasar Sin, 'yar ƙaramar buta a kan murhun waya da gawayi, ƙananan kofunan gilashi a kan ɗan faranti. Sau uku ake dafa ganyen: na farko ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi. Ƙaramin cikin fada shi ke dafawa, ya yi ta zubawa daga sama yana mayarwa har kumfa ta cika rabin kofi, a fara miƙa wa babba. Ana iya cin awa biyu a kan abin da bai fi kurɓa uku ba, don zaman ne abin nema.

A Kano za ki gan shi wurin Buzaye masu gadi a ƙofar manyan gidaje, Nassarawa da Bompai, da yawansu sun gangaro ne bayan farin shekarun 1970 da na 1984. Samarin gari ma sun ɗauka yanzu. Kuma in kina neman soraye masu zanen bango da zanko waɗanda siminti bai cinye ba, ki biyo ta Daura da Matamaye ki zo unguwar Birni. Nan ne babban birnin Nijar har 1926, gidajen ƙasa na nan a tsaye da yawa.

Zulai_Fensir:

Malam Sani, na karɓi kujerar bakin shago da hannu biyu, ƙanena zai raka ni. Tambaya ta ƙarshe: wane lokaci na shekara ya fi dacewa in zo?

Sani_MaiShayi:

Ki zo da sanyi, Disamba ko Janairu. Lokacin ne tururi ke fita sosai daga kofi, benci ya cika tun kafin gari ya waye, kowa ya naɗe kai da rawani ko hular sanyi. Sai dai hazo yana cinye launi, komai ya koma fari-fari, ki san da wannan. In kuma kin faɗo cikin azumi, da rana ba za ki samu kowa ba, muna buɗewa bayan an sha ruwa, wasu har sahur. Gidajen gara kuma Hajiya ta fi ni sani, amma bukukuwa sun fi yawa gab da azumi, ki tambaye ta tun da wuri ta sama miki gida.